Labarin Iyalin da Suka Ratsa Nahiyar Amurka a Kan Keke

 Ga labarin wani Ba'amurke da matarsa da 'ya'yansu tagwaye, waɗanda suka hau keke tun daga ƙuryar arewacin nahiyar Amurka har ƙuryar kudancinta.

Sunan maigidan John Vogel, matar kuwa Nancy, mazauna garin Boise ne a jihar Idaho, kuma dukansu biyu sun daɗe suna koyarwa a makarantun boko. Cikin watan Yuni na shekara ta 2008, watau 1429 ta Hijira, suka tashi daga Prudhoe Bay, wani sansanin haƙar mai a bakin tekun ƙanƙara a ƙasar Alaska. A sa'an nan shekarun yaran goma goma. Ɗaya yana bisa kekensa shi kaɗai, ɗayan yana bayan ubansa bisa wani dogon keke mai sirdi biyu, kowa da fedarsa. Tanti da tukwane da tufafin sanyi da famfo da kayan faci duk suna rataye gefe da gefe kamar mangalar jaki. Ba su kuwa yi wannan aiki da ka ba, gama tun a 2006 sun gwada ƙarfinsu, suka shekara suna zaga Amurka da Meziko, tafiyar mil 9,300.

Zangon farko ba na wasa ba ne. Hanyar da ta fito daga wannan sansani ana ce da ita Dalton, tsawonta mil 414, galibinta tsakuwa ce, an yi ta a 1974 domin masu shimfiɗa bututun mai. Daga mafarinta zuwa wani ɗan mashaya mai suna Coldfoot mil 240 ne, babu kantin da mutum zai sayi ko gishiri. Mai mota yakan shafe ta a yini guda, amma mai keke da yara sai ya ɗauki guzurin kwanaki masu yawa. Wani abin al'ajabi kuma, a wannan wuri rana ba ta faɗuwa sam cikin watan Yuni. Da Musulmi ne matafiyan, da sai su ƙaddara lokutan salla, ko dai bisa gari mafi kusa inda dare da rana suke rarrabuwa, ko bisa lokacin Makka, kamar yadda malaman fiƙihu suka yi fatawa.

To, ga lissafi domin fatake. Jimlar tafiyar kimanin mil 17,300 ce, cikin ƙasashe 15. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko wajen mil 700 ce, ashe ke nan sun yi kamar tsawonta sau ashirin da huɗu da ɗoriya. Kwanakin da suka yi kuwa sun ɗara dubu kaɗan. In aka raba, har da ranakun hutu, kowace rana ta tashi a mil 17, wanda bai fi zangon ayarin jakuna da wani abin kirki ba. Lalle ba sauri ne ya kai su ba. Madugun da ke tafe da yara, tafiyar ƙaramin cikinsu yake yi.

Mutanen ƙasarsu da dama sun zarge su, suna cewa sun raba yara da makaranta, sun kuma jefa su cikin hatsarin motoci da cuta da namun daji. Iyayen suka amsa da cewa su ma malamai ne, suna karantar da su lissafi da tarihi a zango, ga kuma yaren Sifaniyanci da suke ɗauka daga bakin masu shi.

A nan nake so mu dakata, domin wannan gardama ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun kaka da kakanni, in an kawar da amfanin gona malamai sukan tashi da almajirai su nufi gabas neman karatu, kuma manyan alarammomi da yawa ta haka suka samu. Ban daidaita yawon buɗe ido da tafiyar neman Alƙur'ani ba, tsakaninsu akwai nisa. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wanda ya ce a tafi, shi ma yana cikin tafiyar. Ranar da ruwa ya ƙare, maƙogwaron uban ma ya bushe. Daren da yaro ya yi zazzaɓi, uwarsa tana kansa. Ina wannan, ina uban da zai kawo wa malami yaro ɗan shekara bakwai, ba guzuri ba bargo, sa'an nan ya shekara biyu bai leƙo ba? Mu da ake danƙa wa irin waɗannan yara mun san abin da sanyin hunturu yake yi musu. Nauyin ciyarwa da tufatarwa Shari'a a wuyan uba ta ɗora shi, kuma nisan gari ba ya sauke shi.

Mu koma ga matafiya. Da suka kai Panama sai hanya ta yanke, domin tsakaninta da Kolombiya akwai ƙungurmin dajin Darien, fadama ce da sarƙaƙiya wadda ba a ratsa ta da titi ba, dole a sa kekuna a jirgi. Daga nan suka haura duwatsun Andes, suka bi hamadar gaɓar Peru inda iska take bugun matafiyi ta gaba, suka hau tudun Bolibiya mai tsawon ƙafa wajen 12,000, inda numfashi yake yi wa baƙo wuya, kana suka gangara Ajantina.

Cikin watan Maris na 2011, watau 1432 ta Hijira, suka shiga Ushuaia a tsibirin Tierra del Fuego, kusa da inda hanyar mota ta ƙare, yaran suna da shekara goma sha uku. Sun tashi da fatan masu littafin bajinta na Guinness za su rubuta tagwayen a matsayin mafi ƙanƙantar waɗanda suka yi wannan tafiya, sai ga shi tun suna kan hanya an soke wannan babi, ba a rubuta su ba. Uwar ce ta rubuta labarin da kanta, littafin ya fito a 2013.