Tawadar firinta: shin kartush mai araha na kashe garanti?

Masu shagunan fotokofi a Maraɗi, Damagaram da Yamai sun san sayen firinta ba shi ne wuya ba, ciyar da ita ne aiki. Kamfanoni kan sayar da na'urar da sauƙi, su ci ribarsu a kan kartush. Shi ya sa da yawa ke sayen na wasu kamfanoni, ko wanda aka sake cikawa, domin ya fi araha.

A ƙa'idar HP, saka kartush ɗin wani kamfani kaɗai ba ya kashe garanti. Amma in tawadar ce ta toshe bakin feshi, ko hodar tona ta zube cikin na'ura, mai firintar ne zai biya gyara.

Akwai wani tarkon kuma: tun 2016, HP na sabunta manhajar wasu firintocinta ta intanet, sai su daina karɓar kartush ɗin da ba nata ba.

Saboda haka, kafin saye, a lissafa kuɗin kowane shafi, a adana rasit, a kuma tambayi mai shago ko yana karɓar kartush ɗin da ya ƙi aiki.