FILIN MANOMA: Kifi Uwa Ɗaya, Girma Dabam Dabam

Jama'a, wannan mako zancenmu na kifi ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 mutanen ƙasar Rano da Kibiya suka saba da ɗanyen kifi, har waɗansu suka haƙa kududdufi suna kiwonsa. Tambayar da su kan yi mini ke nan: ƙaƙa 'ya'yan kifi uwa ɗaya uba ɗaya, wani ya yi ƙiba, wani kuwa ya tsumbure?

To, ga dalili. Kowane kifi yana ɗauke da gadon iyayensa cikin ƙwayoyin jikinsa, kamar rubutu a allo. Kun san a ajami baƙi ɗaya ne, amma in wasali ya sake, karatu ya sake. Haka nan zafin ruwa, da abinci, da cunkoso su kan ɗora wa gadon nan waɗansu alamu tun kifi yana ƙarami. Baƙin yana nan yadda ya ke, sai dai jiki ya karanta shi dabam, kuma alamun su kan daɗe ba su goge ba.

Ku dubi karfasa. In aka riƙe 'ya'yanta cikin ruwa mai zafin digiri 36 a makonninsu na farko, da yawa waɗanda da mata za su zama sai su tashi maza. Namijin karfasa kuwa ya fi mace saurin girma, don ita ƙarfinta ya kan tafi wajen ƙwai. A 2011 masana a ƙasar Sifen suka nuna, cikin wani kifin teku, cewa zafi ya kan sa irin alamun nan su danne wurin da ke mai da kifi mace.

Kada wani ya ji haka ya dafa ruwa a gida. In zafi ya zarce kaɗan sai asara.

Abin da ya kamace ku shi ne lura da watan farko, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Kada ku cushe 'ya'yan kifi wuri guda, kada su kwana da yunwa, ku kāre su daga sanyin hunturu. In za ku sayi iri, ku tambayi yadda aka rene shi kafin ku tambayi kuɗinsa. Wanda ya sayi tsumburarre don araha, ya ciyad da shi wata shida a banza.

Allah ya ba mu sa'a, amin.