Iskar 'Yan Kwana-kwana a Dogayen Benaye

Ina so in ɗan yi bayani a kan wani abu da ba mu cika kula da shi ba idan ana zancen gobara, watau iskar da mai kashe wuta yake shaƙa. Kowa ruwa yake tunawa, alhali kuwa hayaƙi ya fi harshen wuta kisa.

Mu mutanen karkara, tun daga Ɗambatta har Bici da Kunci, mun san gobarar hunturu. Wuta ta kama danga, ta haura zana, ta faɗa rumbu, kafin a ankara hatsin shekara ya zama toka. Amma duk da haka a fili muke, hayaƙi yana da wurin tafiya, mai guga kuma yana iya ja da baya ya numfasa. Dogon bene ba haka yake ba. Ya fi kama da rijiya mai zurfi, irin wadda mahaƙi kan shiga ya suma don rashin iska, sai dai ita wannan rijiyar sama ta nufa.

Saboda haka ne ɗan kwana-kwana kan goya tukunyar iska a bayansa, da abin rufe fuska. Iska ce irin wadda muke shaƙa, aka matsa ta da inji. An ce ƙaramar tukunya ta minti 30 ce, amma mutumin da ke hawan matakala da tiyo a kafaɗa yana haki, da ƙyar ta kai shi minti 20. To, in wutar tana hawa na 20, rabin iskar a hanya za ta ƙare. Tsanin mota kuwa ba ya zuwa can.

A shekarar 1988 wuta ta tashi a wani benen banki mai hawa 62 a birnin Los Angeles na Amurka. Sai da aka yi amfani da tukwanen iska wajen 600, kuma duk a matakala aka yi ta dakonsu. A 1991, a birnin Filadelfiya, 'yan kwana-kwana uku suka rasu a hawa na 28 bayan iskarsu ta ƙare. Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba: dogon benen NET na Ikko ya ci wuta a 1983, Gidan Koko na Badun kuma a 1985.

Dabarar da aka ɓullo da ita mai sauƙin ganewa ce. Yadda ake ja wa gida bututun famfo, haka ake jan bututun ƙarfe tun daga ƙasa har ƙololuwar bene, amma iska yake ɗauka. Motar iska takan tsaya a waje ta jona da shi. A ciki kuma, kusa da matakala, an yi wuraren cikawa. Wanda iskarsa ta yi ƙasa sai ya jona tukunyarsa, cikin kamar minti biyu ta cika, ya koma bakin aiki. Har da na'urar da ke gwada iskar dare da rana, don kada a ba mutum gurɓatacciya. A 2015 aka sanya wannan tsari cikin wani kundin dokokin gobara da Amurkawa ke aiki da shi, inda aka ce wurin cikawa na farko ya kasance a hawa na biyar, daga nan kuma kowane hawa na uku. Amma ba ya zama dole sai garin da ya amince da shi. Masu gini ba su cika so ba, don kuɗi ne za su kashe a kan abin da mai haya ba ya gani.

Yanzu ina Kano a cikin wannan magana? Nijeriya ta fito da kundin dokokin gini a 2006. A ganina, kafin mu kai ga bututun iska, sai kowane ɗan kwana-kwana ya sami tasa tukunyar tukuna, a sami ruwa, a kuma bar hanyar da mota za ta bi. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, wadda ta ci dubban shaguna, ya san abin da cunkoso ke jawowa.

Sai dai fa benaye sai tashi suke yi. Ku dubi Kantin Kwari, inda ake jibge dilolin atamfa da shadda hawa bisa hawa, kuma yayyenmu da yawa da suka tafi cin rani can suke dako da jiran shago. Sa bututu lokacin da ake gini ya fi araha nesa ba kusa ba a kan fasa bango daga baya. Don haka nake roƙon hukumar tsara birni da ta kashe gobara su zauna tare su duba wannan batu tun takardar gini tana kan tebur, kafin a sa mata hannu.