Kafin ka sayi kyamara, fara da buta

Da yawanmu na jiran kyamara mai tsada, alhali ido ake fara horarwa. Ajiye buta ko kofin shayi kusa da taga da safe, haske ya zo ta gefe, inuwa ta fito da siffarsa. Kunna layukan da ke raba allon waya gida tara, ka sa abin inda layi biyu suka haɗu, ba tsakiya ba. Kwashe tarkacen da ke bayansa. Ɗauka sau goma, kana sauya wajen tsayuwa. In hannu ya faɗa, leƙa Gidan Ɗan Hausa nan Nassarawa, ka gwada da zanen bangonsa. Masu tallan turare a WhatsApp, ku ma ku gwada, don hoto mai saye ke fara gani kafin ya ji ƙamshi.