Idan mai murya ya ce a goge, kada a ja masa rai

Daga Madawa zuwa Buza har Keita, garuruwa da yawa suna da gurup ɗinsu na WhatsApp wanda ya haɗa na gida da 'yan ci-rani da ke Abijan, Legas, Agadas ko Libiya. A nan ake shelar suna da rasuwa, a nan ake jin kuɗin buhun albasa, a nan ake haɗa gudummawar gyaran rijiya ko rufin masallaci. Galibin saƙonnin na murya ne, domin ba kowa ya iya rubutu ba. Murya kuwa ba ta ɓuya. Mutumin Tamaske ko Bangi yana jin kalma biyu zai ce maka ɗan gidan wane ne.

Rigima takan tashi ran da wani ya dawo ya ce a cire abin da ya aika. Ko ya yi magana cikin fushi a kan rikicin gona, ko mace ta tarar an sa hotonta na wajen biki, ko yaro ya tura takardar asibitin mahaifinsa don neman taimako, daga baya iyali suka ga asirinsu ya tonu. Sai shugaban gurup, wanda ake kira admin, ya ce: "Ai kai ka faɗa da bakinka," ko ya ce sai ya yi shawara da manya.

Wannan jan rai kuskure ne, kuma ga dalili. WhatsApp ya ba wanda ya aika saƙo damar goge shi daga wayar kowa, amma cikin kusan kwana biyu kawai. Tun 2022 an ba admin ma ikon goge saƙon kowane mamba cikin wannan ɗan lokaci. Da wa'adin ya cika, ƙofa ta rufe: sai dai a bi mutane ɗaya bayan ɗaya ana roƙonsu. Admin ɗin da ya kwana uku yana shawara ya riga ya yanke hukunci, ko bai sani ba. Kuma ko an goge a kan lokaci, wanda ya riga ya tura saƙon wani gurup, ko ya ajiye hoton a wayarsa, nasa yana nan. Kowace sa'a aka ƙara, hannuwan da abin ya shiga suna ƙaruwa.

Wasu suna ɗauka alfarma ce ake roƙo. A Nijar maganar ta shiga doka tun 2017, lokacin da aka kafa dokar farko ta kare bayanan mutane, sannan aka sabunta ta a Disamban 2022. Hoto, murya da lambar waya duk bayanan mutum ne, kuma doka ta ba shi damar neman a gyara su ko a share su daga hannun wanda ya tara su. An kafa hukuma a Yamai, HAPDP, don karɓar ƙorafi a kan haka.

Wadda ta fi wannan kaifi ita ce dokar laifukan intanet ta 2019. A Yunin 2024 Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu a gyaran da ya maido da ɗauri cikinta: ɓata suna ko zagi ta waya na iya jawo shekara 1 zuwa 3, yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a ko ya zubar da mutuncin ɗan Adam kuma shekara 2 zuwa 5, ban da tara ta miliyoyin sefa. Dokar ba ta tsaya ga wanda ya fara magana ba, ta haɗa da mai yaɗawa. Mai cewa "ni turawa kawai na yi" ya san da wannan.

To, ko duk abin da aka ce a goge sai a goge? A'a. Wanda ya yi alƙawarin jaka hamsin a asusun gari a gaban jama'a, ko ya amsa cewa ana bin sa bashi, ko ya yi wa wani barazana, idan ya ce a share, shaida yake son ɓatarwa. A irin wannan, admin ya ajiye kwafi wurin ma'aji ko wanda abin ya shafa, domin ranar da za a je gaban mai gari, jandarma ko alƙali. In barazana ce ko zagi, bayan an adana shaidar sai a cire ta daga idon jama'a. Ko a Turai, inda kotun Tarayyar Turai ta tabbatar da haƙƙin neman a share bayanan mutum a 2014 a shari'ar wani ɗan Sifaniya da kamfanin Google, ba a ce kowace buƙata sai an biya ta ba, ana auna ta da amfanin jama'a. Amma hoton matar aure, muryar mai fushi da ya tuba, da takardar mara lafiya, babu amfanin jama'a ko ɗaya cikin riƙe su. A nan ko tambayar dalili bai kamata ba, balle a mai da roƙon abin muhawara a gaban mutum ɗari biyu. Idan hoton ƙaramin yaro ne, maganar uwa ko uba ta isa.

Haka abin yake ga mai ɗaukar hoton biki da mai gyaran waya a bakin kasuwa. Kuɗin aiki aka biya ka, ba a sayar maka da hotunan ba.

Shugabannin gurup na Madawa, Buza da Keita, ku naɗi murya yau ku sanar da mambobinku wanda za a kira idan ana son a cire saƙo, ku kuma naɗa admin na biyu, domin ranar da wayar na farko ba caji ko yana gona.