Minshari da Ɗaukewar Numfashi: Yadda Takunkumin Yadi Zai Kama Fuska Ya Daina Yoyon Iska

Yau zancen lafiya za mu yi, kuma daga Birnin Gwari za mu ɗauko shi.

Tun bayan sulhun da aka yi a ƙarshen 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar shanu, motoci sun dawo hanya. Tirela, tanka, motocin hatsi da na dabbobi, daga Kaduna ta Buruku da Udawa, wasu su miƙe Tegina, wasu su nufi Funtuwa. Mun yi shekaru muna tsoron abin da zai fito daga dajin Kamuku. To, akwai wani haɗarin da yake zaune a cikin motar, wanda babu sulhun da ya shafe shi: direban da ya kwana yana shaƙewa, gari ya waye yana gyangyaɗi a kan sitiyari.

Kusan kowane gida akwai mai minsharin da ake yi wa tsiya. Amma ku saurara da kyau. Idan mutum yana cikin minshari sai ka ji tsit, numfashi ya ɗauke, can kuma sai ya zabura ya ja iska da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa, wannan ciwo ne. Abin da ke faruwa shi ne, idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da bayan harshe sukan saki, su rufe hanyar iska. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta tayar da mutum na ɗan lokaci, ya koma barci bai ma sani ba. Likitoci suna ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. Sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya ƙaramin mataki ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 kuma ya yi tsanani. Ku lissafa: mai sau 30 a awa, idan ya yi barcin awa bakwai, an katse masa barci sau 210 ke nan a dare guda.

Da safe sai ciwon kai, bushewar baki, saurin fushi, barci a masallaci, barci a aji, barci a kan babur. Idan aka daɗe a haka, yana da alaƙa da hawan jinin da ba ya jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Lancet Respiratory Medicine a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 suna da wannan matsala a duniya, kuma Najeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita. A garuruwanmu kuwa sai a ce dannau ne, ko a kai mutum wajen wanzami a cire masa beli. Cire beli a gida ba ya maganin wannan, sai dai ya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Maganin da aka fi dogara da shi a duniya shi ne na'urar CPAP, wadda wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Aikinta mai sauƙi ne: tana hura iska ta tiyo zuwa takunkumin da ke kan hanci, iskar ta tokare maƙogwaro kada ya rufe. Ƙarfin iskar yakan kama daga lamba 4 zuwa 20, kuma likita ne ke saita shi bayan gwajin barci.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Duk tsadar na'urar, idan takunkumin yana yoyo, iskar ba za ta kai inda ake so da ƙarfinta ba. Sai ta riƙa hura ido, ta busar da shi, tana fito har ta hana matar gida barci. Mutum ya gaji, ya cire, ya cusa na'urar ƙarƙashin gado. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan.

Yawancin takunkuman roba ce mai laushi. A zafin watan Maris da Afrilu, gumi yakan sa ta zame, wasu kuma ta ci musu karan hanci. Shi ya sa aka yi na yadi, irin SleepWeaver na kamfanin Circadiance da ke Amurka. Ku lura, wannan ba takunkumin korona ba ne, kuma tela ba zai iya ɗinka shi ba. Yadi ne na musamman da ke riƙe iska, yana da 'yan ƙananan ramukan da numfashin da ka fitar zai bi ya fice.

Sirrinsa guda ɗaya ne: iskar na'urar ce ke kumbura shi kamar balan-balan, kumburin ne ke manna shi a fuska. Wanda ya gane wannan ya gama rabin aiki. Ga sauran.

Na farko, wanke fuska da sabulu kafin kwanciya, kada a shafa komai. Na san lokacin hunturu ba mai son jin haka, amma basilin da man kaɗanya suna sa takunkumi ya zame, kuma suna ɓata shi. A shafa da safe.

Na biyu, a sa shi sakwa-sakwa, a kwanta yadda aka saba kwanciya, sannan a kunna na'ura. Fuskar mutum a zaune daban take da fuskarsa a kwance. Idan ya kumbura, a ɗan ɗago shi daga fuska, a sake sauke shi a hankali, a miƙar da duk inda ya tattare da yatsa. Ta wajen tattarewar nan iska ke guduwa.

Na uku, kada a ɗaure tamau. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa: da zarar sun ji yoyo sai su ƙara ja. Idan ka matse yadin, ka hana shi kumbura, yoyon ƙaruwa zai yi. A ja maɗaurin kaɗan-kaɗan, dama da hagu daidai. Yoyo ta wajen ido, maɗaurin sama za a taɓa. Ta wajen leɓe, na ƙasa.

Na huɗu, tiyo. Takunkumin yadi ba shi da nauyi, don haka nauyin tiyon kaɗai ya isa ya karkatar da shi idan ka juya. Dabara mai sauƙi: a rataye tiyon ta saman kai, a jikin ƙusa ko igiyar gidan sauro, a bar masa sarari yadda zai bi ka duk inda ka juya.

Na biyar, gemu da baki. Masu gemu, takunkumin da ya tsaya a hanci kaɗai ya fi muku sauƙi, sai dai a rage gashin baki inda yadin zai zauna. Wanda kuma bakinsa ke buɗewa cikin barci, iskar za ta shiga ta hanci ta fice ta baki, ya tashi maƙogwaro a bushe ƙayau. Maganinsa maɗaurin haɓa, ko takunkumin da ya rufe hanci da baki.

Na shida, ramukan nan ƙanana da kuke jin iska na fita ta cikinsu, da gangan aka yi su. Kada a liƙe su da salatif, kada bargo ya rufe su. Idan aka toshe, gurɓatacciyar iskar da ka fitar ita za ka sake shaƙa.

Na bakwai, wanki. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a wanke da hannu, a shanya a inuwa. Ban da bilic, ban da guga. Maiƙon fuska idan ya taru a yadin, kamun yana raguwa.

Yaya za ka san ka dace? Yawancin na'urorin suna nuna yawan yoyo da safe. A na kamfanin ResMed, idan ya wuce lita 24 a minti ɗaya, to da gyara. Wanda kuma aka saita masa iska mai ƙarfi sosai, ya gwada duk wannan yoyon bai daina ba, ya koma wa likita a canza masa wani samfurin. Fuska suna ta tara, ba kowane takunkumi ne na kowa ba.

Sai matsalarmu ta gida, wato wuta. Masu batirin sola, ku sani ɓangaren da ke ɗumama ruwa shi ya fi cin wuta; idan aka kashe shi, batirin zai fi daɗewa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe filta da wuri, a riƙa dubawa duk mako. Masu sayen na hannu, ku buɗe ido: a watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya marmashewa mutum ya shaƙa. A duba samfuri da lambar na'ura kafin a biya.

To, me ya rage mana mu matasa? Mai wannan ciwon ba ya jin kansa, na kusa da shi ne ke ji. Idan Baba ne, ko Yaya, ko maigida, ku ɗauki sautin barcinsa a waya na minti biyar da izininsa, ku kunna masa cikin ladabi. A fara da babban asibitin Jibril Mai Gwari a auna jini, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, ko Barau Dikko, ko asibitin kunne, hanci da maƙogwaro na ƙasa da ke Kaduna. Kafin nan, kwanciya ta gefe, rage ƙiba, da nisantar ƙwayoyin barci, kodin da taramol suna taimakawa, domin ƙwayoyin nan suna ƙara danne numfashi. Shugabannin tasha kuma, direban da ke gyangyaɗi da rana tsaka asibiti yake buƙata kafin a ba shi lodi; goro da kofi ba za su buɗe masa maƙogwaro ba.

Ku tura wa wanda kuka san yana buƙata, ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.