Tsaunukan Fuchun: Tafiya a Naɗaɗɗiyar Takarda

A tsohuwar ƙasar Sin, masu ilimi, waɗanda da yawansu ma'aikatan fada ne, sun ɗauki zanen duwatsu da koguna a matsayin ɗan'uwan waƙa da kyakkyawan rubutu. Da alƙalamin gashi da baƙar tawadar da suke rubutu da su suke yin zanen, kuma abin kunya ne a wurinsu a ce don kasuwa aka yi shi. Mutum zai yi yawo a tsaunuka, ya koma gida, ya zana abin da ya zauna masa a rai, ko da ya saɓa da abin da ido ya gani. Al'adar daɗaɗɗiya ce. Zong Bing (375–443), da tsufa ya hana shi hawan dutse, sai ya zana wuraren da ya taɓa takawa a bangon ɗakinsa, yana ziyartarsu daga kwance.

Ɗaya daga cikin zane-zanen da suka fi shahara a wannan fanni shi ne na Huang Gongwang (1269–1354), wanda ya rayu lokacin da Mongol ke mulkin Sin. Ƙaramin ma'aikaci ne da ya taɓa shan ɗauri, daga baya ya bar aiki ya rungumi tafarkin Dao. Yakan zaga gaɓar kogin Fuchun, a lardin Zhejiang na yanzu, da alƙalami a jaka, in ya ga bishiya mai ban sha'awa ya zana ta nan take. A 1347, yana dab da shekara 80, ya fara babban zanensa na tsaunukan Fuchun, bai sa masa hannu ba sai 1350, domin sai ransa ya so yake taɓa shi.

Tsawon takardar ya kusa mita 7, kuma ba a rataye ta. Ana warware ta ne kaɗan-kaɗan daga dama zuwa hagu, ana naɗe inda aka wuce, har mai kallo ya zama matafiyi: ga tudu, ga bukka, ga masunci a kwalekwale, sai fili fari fat wanda shi ne ruwan. A nan gwanintar take, domin inda bai sa tawada ba ma aiki yake yi.

A 1650 wani mai tara zane-zane, yana gargarar mutuwa, ya sa a jefa zanen a wuta don kada ya rabu da shi. Wani ɗan'uwansa ya fizgo shi, amma ya riga ya rabu biyu. Guntun yana gidan tarihin Zhejiang a Hangzhou, dogon kuma yana Taipei, inda aka baje su tare a 2011.